Golmon Bakanike

Shekara ashirin da shida na yi a soja, fiye da rabinsu kuma a bakin sito na yi su, da tarin makullai a ƙugu. Wanda ya yi wannan aikin da wuya ya sake yarda da mutum ɗungurungum. Na ga bargo ya yi ƙafa ya fita bariki, na ga taya ta kwana sabuwa ta tashi tsohuwa. Da na yi ritaya na dawo Zuru, halin ya biyo ni gida tare da akwatina. Fartanyata tana da alama, bokitin wanka yana da alama, har tsanin da maƙwabta ke ara. Zane uku ne a jere da ɗaya a gicciye, da bakin ƙusa, a inda ido ba ya saurin kaiwa. Matata takan ce a gidan nan ita kaɗai ce ban zana ba, shi ma don ba ta tsaya ba ne.

Abin da aka sallame ni da shi na zuba a akori-kura, ƙaramar motar ɗaukar kaya, tsohuwa amma mai ƙashi. Da ita nake kai siminti da kwanon rufi Ribah da Bena ranar kasuwa, in dawo da dawa da wake. Ni ke tuƙa abina. Ban taɓa ba direba makullinta ba.

A shekarar da nake ba da labari, autarmu, wadda ke koyarwa a wata firamare a Rikoto, ta zo ta ce ta sami wanda take so. Ba yarinya ba ce, ta san abin da take yi, ni ma ban yi niyyar zaɓa mata ba. Amma da ta ce bakanike ne, sai na ture kwanon tuwo gefe. A ganina bakanike mutum ne da zai shiga ƙarƙashin motarka inda ba ka gani, ya fito yana goge hannu, ya faɗa maka abin da ya ga dama. Na ce ya zo in gan shi. A raina kuwa na riga na yanke cewa ba zan ba shi 'yata ba sai na ga cikinsa da bayansa.

Ya zo. Dogo ne, ya ba talatin baya, mai ƙarancin magana, irin waɗanda in ka tambaye su sai sun dubi ƙasa kafin su amsa. Matata ta ce ladabi ne. Ni na ce mai shirya amsa ma ƙasa yake duba. Garejinsa yana Rikoto, yana kuma da akori-kura irin tawa sak, da ita yake janyo motocin da suka mutu a hanya.

Na tambaye shi zancen golmo. Ga wanda ba ɗan ƙasarmu ba, golmo shi ne noman da saurayi ke yi wa uban yarinyar da zai aura, shi da sa'o'insa, damina bayan damina. Ni bakwai na yi kafin a ba ni matata. Ba ƙarfin garma kaɗai ake gwadawa ba. Kunya biyu ake koya a golmo, kunyar gona da kunyar suruki. In surukinka ya fara huɗa ya karkace, ba ka cewa Baba kun karkace. Sai ka bari ya tafi inuwa, ka miƙe kunyar shiru, in ya dawo ya ga kamar shi ya yi. Yanzu abin ya ja baya, samari sun tafi makaranta da birni, wasu iyayen ma ba sa tambaya. Ni na tambaya ne don in ga yadda zai yi da fuskarsa.

"Baba, hannuna ya daɗe da barin garma," in ji shi. "In na ce zan yi muku huɗa, ɓata muku gona zan yi. Amma abin da na iya, in kuna so, zan yi."

Na ce na ji. Ban ƙara masa komai a kai ba.

Ba a yi wata biyu ba, da kaka, ina dawowa daga Ribah da buhunan dawa, injina ya buga. Na ji ƙarar daga can ƙasa tun kafin in kama hawa, sai hayaƙi, sai shiru. Autar ce ta kira shi, ba ni ba. Ya zo da motarsa ya janyo ni har gareji, ya buɗe, ya duba, ya ce wannan injin ya gama aikinsa, an yi masa ringi sau biyu, babu sauran abin kamawa a jikinsa. Sai dai a sauke shi a ɗora wani, tokumbo, wato na hannu da ake kawowa daga waje. Sannan ya dubi ƙasa ya ce in na yarda, aikin saukewa da ɗorawa ya zama golmonsa.

Matata ta ji daɗi har tana shi masa albarka. Ni kuwa sai na tuna cewa yawancin kayan da suka ɓace mini a sito ta hannun masu cewa bari in taimaka suka ɓace. Na amince, amma na ce da ƙafata za a je sayen injin.

Kwantagora muka je, a motarsa. Shagon wani Bakabe ne, injuna a jere a ƙasa kamar tulunan kasuwa. Bakaniken ya daɗe yana zagayawa, yana juya su da sifana, yana dangwalo baƙin mai da yatsa yana shinshinawa. Ya tsaya a kan wani mai datti, baƙi ƙirin, ƙura da mai sun daskare a kansa. Na lura sun yi 'yar magana da mai shagon a gefe, ƙasa-ƙasa. Na ce a raina shi ke nan, ana shirya la'ada, a tura wa tsoho ruɓaɓɓe a raba. A can kusurwa kuwa ga wani yana walƙiya, fes, kamar jiya aka ƙera shi. Na je na ɗora hannu a kansa na ce wannan nake so.

"Ofisa ya san kaya," in ji mai shagon. "Wanga shi na sarkinsu. Tun da anka sauke shi daga jirgi ba a taɓa buɗe shi ba."

"Baba," in ji bakaniken, "wancan mai dattin ya fi kwanta mini a rai."

"Ni wannan ya kwanta mini," na ce. "Motar wa za a sa wa?"

Ya dubi ƙasa. Mai shagon ya ce in ya ƙi, a dawo masa da shi cikin mako guda. Da suka tafi ɗauko sarƙar ɗagawa, na durƙusa kamar mai ɗaure takalmi, na ciro ƙusa daga aljihu, na yi zanena a ƙasan injin, gefen inda ake ɗaura matatar mai. Na shafa ƙasa a kai don kada ya yi haske. Muka dawo Zuru ina jin na fi su wayo su biyun.

Kwana biyun farko a garejin na yini, da kujerata da na ɗauko daga gida. Ina kallo ya zubar da ruwan lagireto, ya kwance salansa, ya raba inji da giya, ya rataya sarƙa a kan ƙarafuna uku ya ɗago tsohon injin a hankali yana lilo. Kowane noti ya kwance sai ya jefa shi gwangwaninsa daban. Gaskiya aikinsa da tsabta, amma ni tsabtar ma ba ta kwantar mini da hankali ba, don na san ɓarayin sito da suka fi kowa iya jera kaya. Kusa da garejin akwai rumfar wani tsoho mai walda, Bazamfare, ni kuwa Badakkare ne, akwai wasa tsakaninmu da su tun kaka da kakanni, don haka bakinsa bai da linzami a kaina.

"Badakkare," ya kan ce, "gadin ƙarhe anka ba ka yanzu? Mi kake tsoro, kar noti ya gudu?"

Rana ta uku matata ta tare ni a bakin ƙofa, kujera tana hannuna.

"Saje, lokacin da kake golmo, babana ya taɓa ɗauko kujera ya zauna maka a bakin kunya?"

Na ce yana leƙe daga gindin ɗorawa, ina ganinsa.

"Leƙe daban, gadi daban," ta ce. "Duk Rikoto ana dariya. Kana kunyata 'yarka."

Na ajiye kujerar. Na zauna gida, amma raina yana gareji.

Kwana biyu bayan haka, da hantsi, na fita sayen magani a bakin hanyar da ke zuwa Kwantagora. Ina tsaye sai ga motar bakaniken ta wuce, shi ke tuƙi, a bayanta an lulluɓe wani abu da tamfol. Iska ta ɗaga gefen tamfol ɗin, na ga walƙiyar fenti. Injina ne. Ko a cikin barci zan gane shi. Ya miƙe hanyar Kwantagora bai gan ni ba. Na tsaya da ledar magani a hannu har motar ta ɓace. Ban faɗa wa kowa ba, don a sito na koyi cewa in ka yi ihu da wuri, mai ɗauka zai ce gyara kayan yake yi. Da yamma dai na tambayi autar, kamar ba komai, ko mutumin nata yana gareji yau. Ta ce ya ce mata ya tafi neman wani ƙarfe. Na ce Allah ya sa a samu.

Ranar kwana tara ya kawo motar har ƙofar gida. Ya kashe ta, ya sake tayarwa don in ji. Bugu ɗaya ta tashi, tana wani nishi mai laushi da ban taɓa jin ta yi ba tun da na saye ta. Matata ta fito ta shiga gaba, suka zaga unguwa suka dawo tana ta murna. Na buɗe bonet. An wanke injin tas, an shafe shi, ido ba zai ce ga bambanci ba. Na ce masa sannu da aiki. Na jira ya tafi, na jira matata ta shiga ɗaki, sannan na shimfiɗa buhu na kwanta rigingine na shige ƙarƙashi da tocila. Na duba gefen matatar mai. Na goge da tsumma, na shafa da yatsa, na sake haskawa. Babu zane ko ɗaya.

Na daɗe a kwance a ƙarƙashin motar nan. Na ji haushi, amma in zan faɗi gaskiya, abin da ya fi yawa a raina daɗi ne. Daɗin cewa ni ne mai gaskiya, matata da 'yata su ne aka yi wa wayo.

Na kai kaya Bena na dawo da lodin wake har sama, motar ta hau duk inda ta saba numfashi ba tare da na sauke giya ba. Wannan ma na sami inda na ajiye shi. Na ce ai ɓarawon da ya san aiki ba zai sa maka wanda zai mutu gobe ba, zai sa maka wanda zai kai bayan biki.

Sai na yi kwanto. Bayan mako biyu kawun bakaniken, wanda ya riƙe shi tun rasuwar ubansa, ya zo da dattawa biyu don a tsayar da rana. Muka zauna a tsakar gida, an kawo ruwa, an gaisa da yarenmu, an tambayi gona da jikoki. Bakaniken yana can gefe a kan tabarma, kansa a ƙasa. Matan suna ɗaki suna ji. Kawun ya ce sun ji labari ɗansu ya yi golmo irin na zamani, sun zo su ji ko huɗar ta yi. Aka yi dariya. Na bari dariyar ta lafa, sannan na juya harshe zuwa Hausa, don maƙwabta ma su ji ta katanga.

"Ina da tambaya ɗaya. Injin da ke cikin motata, shi ne wanda muka sayo a Kwantagora?"

Ya dubi ƙasa ya daɗe.

"A'a, Baba."

"Wanda na zaɓa da hannuna yana ina?"

Shiru.

"Ranar Alhamis da hantsi, me ka lulluɓe da tamfol ka nufi Kwantagora da shi?"

Kawun ya juya ya ce masa ya yi magana. Ya ɗago ya dubi kawun, ya dube ni, ya buɗe baki kamar zai ce wani abu, sai ya sake sunkuyawa.

"Baba, ku yi haƙuri. Ba maganar da zan yi a nan ba ce."

Na ce to ni zan yi ta a nan. Na ce shekara ashirin da shida ina kama irinsa. Na ce 'yata ba za ta auri ɓarawo ba. Da ƙarfi na faɗi kalmar, kuma sau biyu.

Kawun ya miƙe a hankali, ya karkaɗe rigarsa, ya ce Saje, mun ji. Bai ɗaga murya ba. Suka fita ɗaya bayan ɗaya, bakaniken ne na ƙarshe, har ya tsaya ya naɗe tabarmar da ya zauna a kai ya jingine ta. Autar ta fito daga ɗaki da jakarta, ta wuce ni ba ta dube ni ba, ta tafi gidan gwaggonta. Matata ta kwashe kofunan ruwa ta ce, "Ka huta." Ba ta sake yi mini magana ba ranar.

Washegari da safe na tafi garejin don in karɓi injina ko a kai ga hukuma. Ba ya nan. Mai waldan ne kaɗai, yana zaune yana shan kunu. Bai tsokane ni ba, wannan ne ya fara ba ni tsoro.

"Mi kaz zo nema?" ya ce.

Na ce kayana.

"Taho ka ɗauki abinka."

Ya kai ni bayan rumfa ya yaye tamfol. Ga injina nan mai walƙiya, an buɗe kansa, an kwance tukunyar mai ta ƙasa. Ya sa ƙafa ya nuna mini gefensa. An kankare fentin wuri guda, a ƙarƙashi ga tsaga doguwa kamar tafin hannu, an cike ta da gam an bi da fenti. Ya nuna mini wani kwano, a ciki ruwa ya gauraya da baƙin mai ya zama kamar kunun gyaɗa. Na durƙusa na duba gefen matatar mai. Zanena yana nan, uku a jere da ɗaya a gicciye.

"Ranar da kab bar zuwa gadi yat tada shi a ƙasa, yag ga haka," in ji mai waldan. "Yak kai ma mai shago cikin mako, yadda anka yi alkawali. Mai shago ya juya shi, yag ga zane, yac ce wanga ba nashi na ba, injinai babu zane, musanya anka yi mishi. Wa yay yi zanen, Badakkare?"

Na miƙe daga durƙuson. Ya ja ni gaba kaɗan. Motar bakaniken tana tsaye a gindin mangwaro, bonet a buɗe, cikinta wayam, wayoyi suna reto, kaji har sun fara shiga. Mai waldan ya ce da bakaniken ya dawo daga Kwantagora, shi ya kama masa sarƙa suka fidda injin motarsa suka ɗora a tawa. Injin da ya yi shekaru yana gyarawa da hannunsa, wanda yake cin abinci da shi.

"Nac ce mishi ka gaya ma tsohon nan gaskiya, shi yaz zaɓi ruɓaɓɓe. Yac ce a'a, ba a ce ma suruki ya karkace. Ni ban san wagga al'ada taku ba. Ku kun ka san ta."

Na san ta. Ni ne na yi ta shekara bakwai, ni ne na tambaye shi ita don in ƙure shi. Ya miƙe mini kunya shiru ina inuwa, na dawo na kira shi ɓarawo a gaban kawunsa. Ko a tsakar gidan ma, da ya buɗe baki ya wanke kansa, da ni zai tona a gaban dattawa, cewa tsohon mai sito ya biye wa fenti. Sai ya zaɓi ya ɗauki sunan. Na nemi wuri na zauna. Mai waldan ya miƙo mini sauran kununsa, na karɓa na riƙe ban sha ba.

Da yamma muka tafi gidan kawun ni da matata. Na cire hula na faɗi abin da na yi, ban rage ba, har zancen ƙusa. Na ce da Hausa na yi zagin don a ji, don haka da Hausa zan janye shi, a ƙofar gida, a gaban duk wanda ke kusa. Na yi hakan. Na ce kuma a zo a sauke injin a mayar masa da abinsa. Kawun ya ce golmo ba a mayar da shi, ba a taɓa kwance huɗa a ba mutum guminsa ba. Ya ce sun yafe, rana kuma za a sa, don yarinya ba ta yi wa kowa laifi ba. Sannan ya ce ɗansu ya ba shi saƙo ɗaya. Zai gaishe ni duk inda ya gan ni, zai yi mini duk abin da ɗa ke yi wa uba, amma gidan da aka kira shi ɓarawo ba zai ƙara shiga ba.

Aka yi biki. Ya riƙe maganarsa. Shekara biyu yana kawo matarsa a babur, ya tsaya a gindin darbejiyar ƙofar gida, ya durƙusa ya gaishe ni, ta shiga, shi ya juya. Kirsimeti ma a waje aka kai masa abinci. Motarsa ta yi fiye da shekara a gindin mangwaro kafin ya haɗa mata wani injin. Na aika a ce zan saya masa, ya ce ya gode, ya kusa gamawa. Autar tana yi mini magana, amma irin maganar da ake yi wa baƙo mai daraja. Abin ya dame ni fiye da yadda na bari kowa ya gani.

Motar kuwa ta ƙi lalacewa. Da ta ɗan yi tari ma da na sami dalilin kiransa, amma ina, kullum bugu ɗaya. Wata Laraba na gaji da jira. Na buɗe bonet na zare wayar da ke kai wuta ga fulogi, na tura ta ƙasa inda ba za a gani da wuri ba, na kira autar na ce mota ta ƙi tashi.

Kafin azahar ya iso da jakar sifanunsa. Motar tana waje inda na saba ajiye ta. Ya gaishe ni, ya buɗe bonet, ko minti ɗaya bai yi ba ya ciro wayar ya riƙe ta yana dubawa.

"Baba, wannan ba da kanta ta fita ba. Hannu ne ya cire ta." Ya dube ni, ba dariya a fuskarsa. "Wa kuke zargi?"

Na ji tambayar har cikin ƙashina. Na dubi ƙasa, ni ma, na daɗe.

"Ba kowa," na ce. "Ni ne."

Ya mayar da wayar ya danna ta, ya shiga ya tayar, ya kashe. Ya fito yana goge hannu da tsumma a hankali, yatsa bayan yatsa.

"In kuna son ganina, Baba, ku aika kawai. Kada ku riƙa wahalar da mota."

Na ce to na aika yanzu, ran Lahadi bayan coci, a ci abinci a ciki. Bai ce e ba, bai ce a'a ba. Ya ce a gaida Mama, ya hau babur ya tafi.

Ran Lahadi matata ta yanka zakara, tana ta faɗin kada in sa rai. Ina zaune a tsakar gida, a daidai inda na zauna waccan ranar, na ji babur ya tsaya. Autar ta shigo ita kaɗai da kwano a hannu. Na saurara in ji ƙarar babur ɗin ya juya kamar kullum, ban ji ba. Can sai ga shi a bakin zaure, ya sunkuya yana kwance igiyar takalmi, yana ɗaukar lokacinsa. Ya ajiye takalman a gefe ya yi sallama ya tako ciki.

Allah ya gani, abin da ya fara zuwa raina shi ne, me yake nema a wurina? Na ji kunyar kaina har idona ya kawo ruwa. Na miƙe da sauri kafin tunanin ya yi na biyu, na ɗauko masa kujerata.